Muryar Kawu a Kashi na Ƙarshe

Litinin, ƙarfe goma na safe

Darakta ya shigo ɗakin tacewa ya tsaya bayan kujerata yana kaɗa makullin mota. Na ce, "Darakta, ko ka zauna ko ka fita, ƙarar nan tana shiga mini kunne." Ya zauna.

Maganar da ya zo da ita na san ta tun jiya: Kawu ba zai zo sutudiyo gobe ba. Ga masu kallon shirinmu, shi ne tsoho mai gyaran agogo, shekara huɗu ke nan. A wurina kuwa yayan Umma ne, wanda ya kamo hannuna ya kawo ni gidan nan ya ce a koya mini yanka hoto, tunda bakina ya fi ƙarfin gaban kyamara. Shi ya sa mini Almakashi, sunan ya bi ni har yau.

Ga inda matsalar take. Fitowar ƙarshe ta kashi na ƙarshe, inda tsoho zai miƙa wa ɗansa shago, an ɗauke ta ranar da ruwa ya kece a kan rufin kwano. Hoto ya yi kyau, amma a sauti ba abin da ake ji sai ruwa. Shi ne aka shirya Kawu ya zo gobe ya maimaita maganar a gaban makirfo, ni kuma in ɗora ta a kan bakinsa. To jiya Lahadi abin da ya faru ya faru, yana asibiti.

Darakta ya ce hanya biyu ce, gidan talabijin kuma sun ba mu mako uku. Ko a kawo mai kwaikwayon murya, ko a cire fitowar, a sa ɗan ya amsa waya a gaya masa tsoho ya rasu.

Na ce, "Ba wanda zai kashe mini shi a waya. Ina da muryarsa ta kashi casa'in da shida a faifai. Zan tsinto kalma-kalma in haɗa masa maganarsa, da bakinsa zai yi sallama da masu kallo."

"Minti uku ne fa, Almakashi."

"Ko goma ne."

Ya ce in gwada. Ni ba gwadawa zan yi ba, yi zan yi.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Umma ta kira sau uku. Na ce in na tashi ina nan tafe.

Talata, ƙarfe sha biyu na rana

Wannan tsoho! Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai. Na buɗe takardar labarin, an rubuta, "Ɗana, na bar maka shagon nan." Na dubi hoto, bakin Kawu wani abu daban yake faɗa. Inda ya kamata leɓe su haɗu ba su haɗu ba. Halinsa ke nan, in fitowa ta shige shi sai ya watsar da rubutun mutane ya faɗi nasa.

Na kira wanda ke fitowa a ɗansa, na tambaye shi me Kawu ya ce a ranar. Ya ce, "Ranki ya daɗe, ruwan nan ko ni da nake gabansa ban ji ba. An ce in ya miƙo hannu in yi kuka, na yi." Madalla da ɗan kirki.

Saboda haka aiki ya zama biyu. Sai na fara karanto abin da ya faɗa daga leɓensa, sannan in nemo kalmomin. Hoto ashirin da biyar ne a daƙiƙa guda, ina tura su ɗaya bayan ɗaya da ɗan yatsa. Gashin bakinsa yana rufe mini rabin aikin, na sha gaya masa ya rage shi. Duk da haka kafin azahar na cafke jimlar farko: "Zauna. Ba faɗa na kira ka in yi maka ba."

Ban samu na je asibitin jiya ba, hanya ta cunkushe.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Na sa Kunne, mai sautinmu, ya kwaso duk tsofaffin faifan daga sito. Ya jibge su a tebur yana haki, ya ce, "Ke kam in kika sa abu a gaba, mutum sai ya roƙi Allah kada ya zama shi ne abin." Na ce ya yi addu'ar da kyau.

"Zauna" ta samu sau sittin da ɗaya. Na zaɓi ta kashi na arba'in, wadda ya gaya wa wata tsohuwa da ta kawo agogon mijinta. Ta hau bakinsa daram.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Umma ta ce an bar mutum biyu-biyu su riƙa shiga wurin Kawu. Na ce to.

Juma'a, ƙarfe uku na yamma

Jimla ta biyu da ta uku sun fito. "Agogon da aka kawo, kada ka yi saurin buɗe shi, saurara tukuna. Mai shi ma ka saurare shi, rabin masu zuwa nan ba agogo ne ya kawo su ba." Na karanta wa Darakta, ya ce ai wannan ya fi abin da aka rubuta. Na ce ya je ya gaya wa marubucin, ni ba ruwana.

"Saurara" ce ta ba ni wahala. Sau goma sha huɗu ya faɗe ta a shirin nan, duka da tsawa, yana yi wa masu gardamar farashi. A nan kuma a hankali ya faɗa, haɓarsa da ƙyar ta motsa. Na rage ƙarfin ta tsawar, sai ta koma kamar mutum yana ihu daga cikin rijiya. Kunne ya ce in haƙura da ita haka, ba mai lura. Ni na lura, shi ke nan an lura.

Asabar, ƙarfe sha ɗaya na safe

Na samo ta, kuma ba a cikin shirin ba. A ƙarshen wata ɗauka ce da aka zubar tun zango na biyu. Darakta ya ce a tsaya, kyamara ba ta mutu ba, sai Kawu ya matso da fuskarsa ya rage murya ya ce, "Almakashi, saurara, kada ki yanke mini wannan, na fi kyau a nan."

Na yanke masa ita a lokacin, ban ma tuna ba. Na maimaita wajen ya fi sau goma. Daga baya na fita na sayo ruwan sanyi, na dawo na ɗauki kalmar na ajiye ta inda take so. Ta zauna lafiya lau.

Lahadi, ƙarfe biyu na rana

Ofis ba kowa, aiki ya fi sauri. Waya tana jaka.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau raina ya ɓaci. Darakta ya shigo da wani mutum mai jar hula, wai mai kwaikwayo ne, wai "don ko-ta-kwana". Mutumin ya karkace wuya, ya sa hannu a baya, ya saki muryar Kawu. Gaskiya ya iya. Kunne ya fashe da dariya, sai ya dube ni ya haɗiye sauran.

Na ce, "Malam, ka iya Kawu in yana ba da dariya. Yi mini shi yana jin kunya." Ya gyara zaman hularsa. Na ce, "Yi mini shi yana son ya ce na gode amma girman kai ya tokare shi." Ya ce wannan sai an ba shi lokaci. Na ce ƙofa tana bayansa.

Darakta ya ce na ci mutuncin baƙo. Na ci ɗin. Mutum yana kwance da ransa, a kawo wani ya sa rigarsa a gabana? Na ce ya ba ni har Laraba ta sama, in bai ji abin da zai gamsar da shi ba, ni da kaina zan kira mai jar hula in ba shi haƙuri. Ba zan kira shi ba, na san aikina.

Talata, ƙarfe takwas na safe

Umma ta daina tambayar yaushe zan zo. Yanzu sai ta ce, "Kin ci abinci?" ta kashe. Wannan ya fi faɗan ciwo.

Laraba, ƙarfe ɗaya na rana

Jimla ta huɗu ta ƙi ni kwana biyu, don a nan ya sunkuyar da kai. Na ƙara girman hoton har bakinsa ya cika allo. Ga ta: "Idona ya gaji, hannuna ya fara rawa. Kai ma ka gani, ka yi shiru, na gode."

Wannan ma ba ta cikin rubutu.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Ina neman "hannuna" ne na buɗe ɗanyen hoton kashi ukun baya, wanda ba a taɓa ba. A kashi na casa'in da uku sukudireba ta faɗi daga hannunsa na dama sau biyu. Na tuna abin da na yi: na yanka zuwa fuskar mai agogo, na dawo bayan ya ɗauka. A na casa'in da huɗu akwai ɗauka uku da harshensa ya yi nauyi a tsakiyar magana, na tsallake su na ɗauki ta huɗu, har na rubuta a gefe, "Kawu bai yi barci ba." A na casa'in da biyar kofin shayi ya zube masa a riga, na rufe da hoton agogon bango.

Yanka mai kyau ne duka ukun, ko Darakta bai gani ba. Aikina ke nan, in ɓoye abin da bai yi daidai ba, kuma duk gidan nan ba wanda ya kai ni. Mutum ɗaya ne ya ga abubuwan nan a jere cikin wata guda, ni ce.

Na ji tsoro, na kashe kwamfuta. Ba zan ƙara rubuta komai a kan wannan ba.

Alhamis, ƙarfe goma na safe

"Hannuna" ta kashi na bakwai ta yi. Muryarsa a can ta fi ƙuruciya, Kunne ya ɗan dusashe ta.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

An sallami Kawu, yana gida. Umma ta ce matarsa, Anti, ta mayar da gadonsa falo saboda matakala. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Ta ce, "Amin, 'yar aiki."

Ranar da abin ya faru ai na je asibitin. Na kai har ƙofar ɗakin, na hango ƙafafunsa a ƙarƙashin mayafi. Kawai dai akwai mutane da yawa.

Asabar, ƙarfe sha biyu na rana

Jimla ta ƙarshe ba ta da wuya: "Makullin yana inda ka sani." Na haɗa komai, gutsure ɗari da goma sha biyu, na kira Kunne na kunna masa ina jiran yabo. Ya saurara ido rufe, ya cire abin kunne ya ce, "Kowace kalma tana wurinta. Amma mutumin nan ba ya numfashi."

Na buɗe baki zan yi masa tijara, sai na sake kunnawa. Gaskiyarsa ce. Na saba share numfashin 'yan wasa don magana ta fita tas, har hannuna yana yi ba tare da na sani ba. Minti uku tsoho yana zuba kamar rediyo. Na ce wa Kunne yau ya ci sunansa, amma kada ya saba.

Litinin, ƙarfe uku na yamma

Kwana biyu ina tsintar numfashi. Akwai gajere da yake ja kafin ya yi tsiya, akwai dogo ta hanci in zai faɗi abin da ba ya so, akwai wani mai ɗan kaɗawa da sau biyu kacal na same shi. Ana ganinsu a hoto ma, kafaɗa tana ɗagawa kaɗan. Na bi kafaɗar na jera su.

Da na kunna, sai da na waiga bayana. Kamar yana tsaye a ɗakin.

Laraba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Darakta ya kalla. Ya ce a sake. Da aka gama na biyu ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga, gogewar da ba ta ƙarewa. Na ce, "In kira mai jar hula?" Ya ce, "Ke dai ba ki da kirki." Na ce na sani, amma na iya aiki.

Kawu zai gama shirinsa da muryarsa. Na faɗa, na yi.

Laraba, ƙarfe biyar na yamma

Gidan talabijin sun ce tunda haɗa maganar aka yi, ba za su saka ba sai da yardar mai muryar. Na ce wannan mai sauƙi ne, na kira Anti na ce Darakta zai aiko da takarda.

Ta ce, "Ba na sa hannu a madadin mutumin da ke da ransa da hankalinsa. Ke kika haɗa, ke za ki kawo masa ya gani." Na ce Kunne zai iya kawowa. Ta ce, "Ban san Kunne ba. Ke na goya." Ta kashe wayarta.

Alhamis, ƙarfe tara na safe

Akwai ɗan gyaran launi da ya rage.

Alhamis, ƙarfe huɗu na yamma

Babu wani gyaran launi. Gobe.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Na isa da hantsi, ƙaramar kwamfuta da takardar Darakta a jaka. Anti ta buɗe ƙofa ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Kin rame," ta matsa mini.

Ya rame shi ma. Gefen dama na fuskarsa ya sauka, hannun yana kan matashi inda aka ajiye shi. Na durƙusa na gaishe shi, na shiga zuba kamar 'yar talla, ina bayanin ruwan sama da faifai da gutsure ɗari da goma sha biyu. Idonsa yana kaina, bai ƙifta ba. Da bayani ya ƙare mini, na ɗora kwamfutar a kan kujera na kunna.

Ya kalli kansa yana cewa "Zauna." Ya kalla har maganar makulli. Sannan ya buɗe baki, wani sauti ya fito, dogo, a cakuɗe, ba kai ba gindi. Wannan ne abin da na ƙi zuwa in ji.

Anti ta ce a hankali, "Haka yake yi. Ba ma ganewa. Sai mu yi ta miƙo masa abubuwa, ruwa, magani, carbi, har ya gaji ya yi shiru."

Ya sake yi. Ban san lokacin da na daina saurare ba, idona ya koma kan bakinsa kamar yadda na wuni ina yi kullum. Gefen hagu yana aiki. Harshe ya taɓa sama, leɓe ya ja baya, sannan ya zagaye.

Na ce, "Kin yi sauri?"

Ya bugi katifa da hannun hagu.

"A ina na yi sauri, Kawu?"

Ya maimaita sau biyu kafin na kama. Kafin makulli. Wai ya kamata in bar tsohon ya yi shiru tukuna, ba a miƙa shago da gaggawa. Na ce, "Kawu, mako uku ina wahala, abin da za ka ce ke nan?" Gefen bakinsa mai motsi ya ɗaga. Anti ta lalubi hannun kujera ta zauna, ta ce, "Kina jin sa? Wallahi kina jin sa?"

Daga nan bai tsaya ba, ni kuma ina faɗa wa Anti. Matashin ya yi tsawo, wuyansa yana ciwo. Rediyon da ake bar masa a kunne ba ya son tashar, mai gabatarwar surutu gare shi. Ƙafarsa ta dama tana yi masa sanyi da asuba. A juya gadon ya fuskanci taga. Maganin safe yana tayar masa da zuciya in bai ci komai ba, a gaya wa likita. Anti tana kuka tana cewa, "Shi ne kake ta faɗa? Tun a asibiti shi ne kake ta faɗa?" Muka ja gadon ni da ita, muka cire matashi ɗaya, na nemo safa na sa masa.

Na buɗe aikin a gabansa, na ƙara shiru kafin jimlar ƙarshe, akwai ragowar hoto da na datse a wajen. Daƙiƙa ɗaya, ya girgiza kai. Biyu, ya girgiza. A uku da rabi ya lumshe ido. Ya fi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Na ce, "A saka?" Ya ce a saka. Anti ta riƙe masa takardar, ya ja layi da hannun hagu.

Na naɗe wayar kwamfuta, na zuge jaka, na ce zan kai wa Darakta kafin a tashi. Har na miƙe ya sake motsa baki. Gajeriyar magana ce, na gane ta tun karon farko.

Anti ta ce, "Me ya ce?"

Na kasa ɗaga kai, kunya ta rufe ni, ashe yana lissafin kwanakin da ban zo ba. Na ce, "Cewa ya yi, kwana goma sha tara."

Na ajiye jakar, na aika wa Darakta ya turo a karɓi takardar. Sannan na cire takalmi, na ja kujera zuwa gefen da bakinsa ke motsi.